Farantin da Gwaggo Asabe Ta Jira

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Haɗeja ya san cewa in abu ya suɓuce ya fashe a gidansa, kafin ya gama salati zai ji sallamar Gwaggo Asabe a zaure. Ba ta tambayar ko wani ya yanke. Abin da take fara faɗa tun ba ta gama shigowa ba shi ne, "Kar a share." Matar da sai ka ɗaga murya take jin gaisuwarka, amma ƙarar tangaran daga gida na uku ba ta taɓa wuce kunnenta ba. Za ta durƙusa, ta shimfiɗa tsohon buhun takin da ba ya rabuwa da hammatarta, ta tsince komai har ɗan mitsitsin da ya shige ƙarƙashin turmi. In ta gama sai ta juyo ta yi wa matar gida ta'aziyya sosai da sosai: Allah ya ba da haƙuri, ya yi zamani, ya ciyar da mutane, Allah ya sa mu ma mu yi amfani irin nasa. Sannan ta saɓa buhunta ta fita, ko ruwa ba ta tsayawa sha.

Yayar babana ce, kuma a hannunta na tashi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ta kama sunana, Uwale take ce mini ko da faɗa take yi mini. Tun da ta rasu, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tsaya gaban bangon nan ya yi mini tambaya ɗaya: me ya hana ta cike wancan gurbin? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe ta gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ku da kuka san gidan sai ku yi haƙuri in yi wa wanda bai sani ba kwatance. Katangar tsakar gidanta ce ta gabas, daga bakin rijiya har gindin bishiyar maina. Duk abin da ta tsinto a gidajen mutane can yake ƙarewa, a manne da siminti. Simintin ma roƙonsa take yi a hannun magina in sun tashi daga aiki, ɗan ragowar da zai bushe a banza, kuma da cokalin cin abinci take shafa shi. In ka tsaya kusa, tarkace kawai za ka gani: fasassun faranti, hannun kofi, gutsuren madubi, murfin kwalba, maɓallan riga, gindin fulas, tsingaron tukunya. In ka ja da baya zuwa bakin ɗakin girki, sai abin ya tashi. Kogi ne, da giginyu a gaɓarsa, da fadamar shinkafa da ta yi da korayen kwalabe, da kwale-kwale guda na ɓallin akushi. Ƙauyensu ne na wajen Guri, inda aka haife su ita da babana, yadda yake kafin ruwa ya tashe shi, kafin ciyawar kacala ta shaƙe hanyar kogin. In ka je wurin yau, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba za ka gani ba.

Wannan ma ba shi ne bangon farko ba. Na farkon na ƙasa ne, wata damina ya jiƙa ya kwanta da duk aikin da ta yi a kansa. Mata suka shigo jaje, wasu har da hawaye. Suka tarar da ita zaune cikin taɓo da rariya, tana tace ƙasa tana ware fari da shuɗi. Ta ce musu su adana kukansu, babu abin da ya lalace, kayan da suka riga suka fashe me faɗuwa za ta ƙara musu? Da aka tayar da katangar bulo ta sake farawa daga bakin rijiya kamar ba a yi komai ba.

Dokokinta biyu ne, kuma su suka sa aikin da wani zai gama a rani ɗaya ya ci mata rabin rayuwa. Ta farko, ba ta fasa komai da hannunta, ba ta kuma gyara bakin abin da ya fashe. Yadda Allah ya fasa shi haka zai hau bango. Sai ka ga ta ɗauki ɗan gutsure tana jujjuya shi, ta kai nan, ta kai can, ta mayar da shi buhu, sai bayan sallah ya sami wurinsa. Ni tela ce, sana'ata ke nan in yanke abu ya dace da inda nake so, don haka kallonta kaɗai yana sa mini ciwon kai. Na taɓa miƙa mata filaya na ce ta ɗan ƙwanƙwashe kusurwar nan mu huta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Uwale, ni mai wankan gawa ce, ba mahauci ba." Ban sake ba.

Doka ta biyu kuwa ɗanta Sabo ne ya yi karo da ita. Ya ga tsohuwa tana wahalar neman shuɗi saboda ruwan kogi, don shuɗin tangaran ya fi komai wuyar samu, sai tausayi ya kama shi. Ya dawo daga Kano da kwalin tayil shuɗi mai ƙyalli wanda ya farfashe a mota, ya dire a gabanta yana washe baki, ya ce ga shi, da kansa ya fashe, ba wanda ya taɓa shi. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya, ta shinshina, ta tambaye shi wa ya taɓa cin tuwo a kai. Ya ce ai tayil ne. Ta ce to wa ya sha ruwa da shi, wa ya duba fuskarsa a ciki, wace yarinya aka taɓa yi wa faɗa saboda shi? Ta ce abin da bai yi wa kowa hidima ba ba ya hawa bangonta, ya kwashe ya kai bayi, can danginsa suke. Har yau bayin gidan ya fi ɗakunan kyau.

Bangon nan ya tona asirin mutane ba kaɗan ba. Kun tuna Malam Habu na bakin masallaci, Allah ya jiƙansa. Labari ya kai masa cewa Asabe tana zane a bango, sai ya yi sallama wata la'asar don ya yi mata nasiha a kan surar abu mai rai. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta saurare shi har ya dasa aya, sannan ta ce ya tashi ya duba da idonsa. Ya bi bangon daga farko har ƙarshe, ba mutum, ba tsuntsu, ba dabba. Ya ce to shi dai an gaya masa akwai kifi.

"Akwai, Malam, da yawa ma," in ji ta. "Suna ƙarƙashin ruwa."

Malam ya yi dariya ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan jinjirin watan da ke saman giginya. Fari ne tas, da zanen ruwan zinare a bakinsa. Ya matsa, ya gyara tabarau. Kofin shayinsa ne da ya zo da shi daga Makka, wanda matarsa Larai ta ce an ara gidan biki ba a dawo da shi ba, ya yi ta aike har ya haƙura. Ya tambayi Gwaggo wa ya kawo mata. Ta ce ita binnewa take yi, ba ta faɗin wanda ya yi kisa. Ta ƙara da cewa ya gode wa Allah, kofin da a da yake kan tire yanzu ga shi a sama. Malam ya fita yana girgiza kai, kuma an ce bai taɓa tayar da zancen a gida ba. Sai dai duk jajiberin azumi yakan aiko a tambayi Asabe ko an ga wata.

To, bari in zo kan gurbin. Yana daidai inda kogin ya yi kwana, wurin da matan ƙauyen suke wanke-wanke, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Ruwan da ke kewaye da shi duk daga faranti ɗaya ya fito, wani babban farantin tangaran mai shuɗi mai duhu irin na rinin baba, wanda ba a yin irinsa yanzu. Kakarsu ce ta zo da su guda biyu daga ƙasar Barno, ta raba wa jikokinta biyu da aka aurar shekara ɗaya, wato Gwaggo da taubashiyarta Iya Yagana. Na Gwaggo ya fashe ranar da ruwa ya kayar mata da ɗaki, shekarar da ƙauyen ya watse kowa ya kama gabansa. Ta tono gutsattsarinsa daga cikin laka, ta ƙulle a bakin zane, ta zo da su Haɗeja. Su ne asalin bangon. Amma wani ɓangaren ya bi ruwa, sai kwanar kogin ta gaza haɗuwa. Babu shuɗin da ba ta gwada a wurin ba, kwalbar magani, robar bokiti, murfin samira, duk ta ɓamɓare su, ta ce wannan ruwan famfo ne, ita kogi take nema. Abu ɗaya ne zai cike wurin, shi ne ɗan'uwan farantin, kuma yana nan lafiya lau a kabet ɗin Iya Yagana, bayan layinmu kaɗan.

Ga faranti, ga doka. Ba za ta fasa ba, ba za ta sa a fasa ba. Ba abin da ya rage mata sai jira.

Kullum da hantsi sai ta yafa mayafi ta ce mini za ta je dubiya. In ta shiga, ta gaida Iya Yagana sama-sama, sai ta wuce gaban kabet, ta leƙa ta gilashi ta ce, "Ya mai jiki?" Iya Yagana, wadda ita ma bakinta ba ya mutuwa, sai ta ce, "Garau yake, ungulu. Koma gidanki na tsamiya." Daga nan a dama fura, a baje hira har azahar. Gwaggo ta sha ba ta shawara, wai tsakani da Allah: faranti ba amarya ba ne da za a yi masa kulle, a fito da shi ya sha iska, a zuba wa baƙi dambu a ciki, a ba yara su wanke. In ana suna a dangi, ita ce ta farkon tuna wa mutane cewa Yagana tana da faranti mai fitar da kunya. Iya Yagana ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta sayo kwaɗo ta garƙame kabet ɗin, ta rataya makullin a wuya. Ta ce ko ita ta riga mutuwa, ta bar wasiyya a kai wa jikarta da ke aure a Fatakwal, inda kunnen Asabe ba zai kai ba.

Shekarar da ruwa ya yi yawa ya shigo gari, layin su Iya Yagana ya fi namu kwari, ruwa ya kai musu ƙugu. Muna ta cika buhuna da yashi muna tare ƙofa, sai muka nemi Gwaggo muka rasa. Ashe ta tattare zane ta kutsa. Na bi ta ina faɗa, tsohuwa da ciwon gwiwa. Muka yi kiciɓis da Iya Yagana tana fitowa, jikoki riƙe da gefen zanenta. Ta bar katifa, ta bar buhun shinkafa, amma ga wani abu naɗe da ɗankwali a kanta ta dafe da hannu biyu. Gwaggo ta riƙo ta, ta shafa fuskarta, ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta tabbata ba wanda ya ɓata sannan ta ɗaga kai.

"Kowa lafiya?"

"Lafiya lau."

"Kowa da kowa?"

"Har shi."

"To, alhamdu lillahi," in ji Gwaggo, da muryar wanda aka ce masa an ɗaga biki.

A gidanmu suka zauna har ruwa ya janye. Farantin ya yi zaman ɗaki ɗaya da Gwaggo tsawon lokacin, a cikin kwalla, an kife da wata kwallar. Ko alwala Iya Yagana za ta fita yi sai ta sa ni gadi.

Daga baya yanar ido ta fara rufe Gwaggo. An yi mata aiki, ido ɗaya ya ɗan buɗe, ya sake komawa. Ta ci gaba da yatsu. Takan bi bangon tana shafawa, tana gane kowane gutsure da gidan da ya fito: wannan na Larai ne, wannan na amaryar nan ce da ta yi kuka har da majina, wannan masu shi sun tashi sun koma Kafin Hausa. A haka ta ƙarasa giginya ta ƙarshe. Komai ya cika sai gurbin nan. In gari ya waye takan lallaba ta sa tafin hannunta a ciki, ta daɗe a tsaye. A nan abin ya daina ba ni dariya, ya koma yana ci mini rai. Mace ta ba da rabin rayuwarta ga abu, saura tafin hannu, ga ido ya tafi, ga ƙafa tana shirin bin sa. Na je na sami Iya Yagana na ce ta dubi Allah ta yi tuntuɓe, sau ɗaya tak. Ta ce ai na san halin Asabe, da jin ƙarar za ta gane na gangan ne. Gaskiya ta faɗa.

Da ciwo ya kwantar da ita, dubiya ta juya, Iya Yagana ce ta koma zuwa. Wata rana ta shigo da sandarta a hannu, da farantin a hammata, ta ce in miƙo mata taɓarya. Mun fito da Gwaggo inuwar maina tana kwance a tabarma. Iya Yagana ta ajiye farantin a ƙasa kusa da kanta, ta ce wasa ya ƙare. Kayanta ne, ba mai hana ta fasa kayanta, in da laifi ya hau kanta. Uwale ta kwaɓa siminti, ita Asabe ta manna da hannunta yau ɗin nan, kafin la'asar kogi ya haɗu. Babu tsokana a muryarta ko kaɗan. Ni kuwa har na ɗauko taɓaryar, don raina ya so.

Gwaggo ta lalubo farantin ta jawo shi kan ƙirjinta. Ta bi bakinsa da yatsa a hankali har ta zagayo, ba ta ci karo da ko 'yar tsaga ba. Sannan ta ce:

"Yagana, garinmu ya fashe. Ɗakina ya fashe. Mazajenmu suna ƙasa, haƙoranmu sun bi su. Duk abin da muka fito da shi daga can, wannan kaɗai ya rage da bakinsa a haɗe. Fasassu na cika bango da su, na san kamanninsu. Ki bar mini ɗaya in riƙa tuna yadda muke kafin nan."

Iya Yagana ta ce, to shekarun nan da ta yi tana sintiri tana yi masa fatan mutuwa fa?

"In ban ce shi na zo dubawa ba, cewa zan yi ke na zo gani? Ki sami bakin yi mini gori?"

Sai suka yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da goge ido da bakin mayafi. Ni kuma na mayar da taɓarya inda na ɗauko ta. Ranar a cikin farantin na zuba musu dambu. Gwaggo ta ci fiye da yadda ta saba a kwanakin, ta ce ashe abinci ma ya fi daɗi a cikinsa, Yagana ta yi shekaru tana cutar jama'a. Ba ta daɗe ba bayan nan Allah ya karɓi abarsa.

Da aka share makoki, Sabo ya kawo shawarar a samo shuɗin fenti a shafe gurbin, don kar baƙi su ce ba a gama ba. Iya Yagana ta ce duk wanda ya taɓa wurin zai ɗanɗana sandarta. Ta koma gida ta cire kwaɗon kabet ta jefar. Yanzu a farantin take cin komai, ita take wanke shi da hannunta mai rawa, kuma kullum da hantsi sai ta rungumo shi ta zo gidanmu, ta zauna gaban bango ta karya kumallo. Ya suɓuce mata ba sau ɗaya ba. Ran nan a gabana ya faɗi, ya gangara a kan bakinsa har gindin rijiya, ya yi ta juyi, ya kwanta, ko ƙwarzane babu. Ta harare shi ta ce taurin kai ne, a wurin Asabe ya koya.

Da na ɗauko mata shi sai ta riƙe hannuna ta ce, "Uwale, ko ina nan ko ba na nan, duk ranar da ya fashe kin san abin da za ki fara faɗa." Na ce na sani. Buhun takin yana nan rataye a bayan ƙofa, cokalin ma na wanke na ajiye. Saboda haka in kun shigo kun ga gurbin, ku bar shi, ba mantuwa aka yi ba.

Ya Allah, kai ka yi alkawarin tara mu bayan mun wargaje. Ka tattara Gwaggo Asabe cikin rahamarka yadda ta tattara abin da mutane suka fid da rai da shi. Ka cike mata duk gurbin da ta bari, ka haskaka kabarinta, ka ba Iya Yagana haƙurin zaman hantsi ita kaɗai. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.